Famfon ruwa yana ɗiga, mota tana misin: tambayoyin masu motoci a Zariya da amsoshinsu

Ni mai waya ne, gyaran wutar mota shi ne sana'ata a nan Zariya. Motar da ta fi dawo mini ita ce wadda aka kawo da kukan "tana misin", wato inji na girgiza don wata silinda ba ta kamawa, aka sa mata sababbin fulogi, ta yi lafiya mako biyu, ta koma gidan jiya. Mai ita ya sake sayen kwayil, ya sake sayen wayoyin fulogi, kuɗi na ta tafiya. Sau da yawa wutar ba ta da laifi, famfon ruwa ne ke mata yayyafi a ɓoye. Ga tambayoyin da direbobi da masu motoci suka fi yi mini a kan wannan, da abin da nake ce musu.

Me ya haɗa famfon ruwa da wutar mota? Ai kowa da aikinsa.

Maƙwabtaka ce ta haɗa su. Famfon ruwa ƙaramar fanka ce a cikin gida na ƙarfe, tana tura ruwa daga lagireto zuwa cikin inji, ya zagaya ya dawo. Sandar da ke juya fankar tana kan boris, kuma tsakanin ruwan da boris ɗin akwai sil, wato zoben da ke tare ruwan. A ƙarƙashin sandar masu ƙera famfon sun bar wani ɗan rami da gangan. Ranar da sil ya gaji, ruwan da ya tsallake shi ta wannan rami yake fita, don kada ya shiga boris, don kuma mai mota ya gani ya farga.

Ita kuwa wuta, kwayil ne ke karɓar bolt 12 na batir ya ɗaga shi ya haura bolt 20,000, a wasu motocin har kusan 40,000, don tartsatsi ya iya tsallake gibin bakin fulogi wanda bai wuce milimita ɗaya ko kusa da haka ba. Wuta mai wannan ƙarfi ba ta son wahala. In ta sami danshi a jikin waya ko a cikin murfin distiributa, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta, nan za ta bi ta sauka a jikin inji, fulogi ya zauna yana jira. Silindar da ba ta sami tartsatsi ba ita ce kake ji tana girgiza maka sitiyari.

Ruwan sama ma yana jiƙa inji duk damina. Me ya sa na famfo ya fi ɓarna?

Ruwan sama baƙo ne. Ka shiga kududdufi a Tudun Wada cikin Agusta, ya fantsamu, zafin inji ya busar da shi kafin ka kai Kwangila. Ruwan famfo ɗan gida ne: kullum yana zuwa, da zafinsa, a wuri guda.

Sannan ba ya bushewa tas. In kulan kake sawa, wato ruwan lagireto mai kala da ake saye a kanti, sinadarin gilaikol da ke cikinsa yana barin danƙo mai santsi, kuma danƙon nan yana jan danshin iska. In ruwan rijiya ne, yana barin tsatsa da gishirin ƙasa. Sai hunturu ya zo, ƙura ta manne a kai, ka sami wani ɓawo da wuta ke bi kamar an shimfiɗa mata hanya.

Na sha buɗe murfin distiributa in haska shi da fitilar waya. A ciki za ka ga wani siririn layi baƙi, kamar yaro ya ja fensir, ya tashi daga ƙarfen waya ɗaya ya nufi na kusa da shi ko ya gangara gefe. Wannan layin ƙuna ce, tartsatsi ya gasa robar ta koma gawayi. Gawayi kuma yana ɗaukar wuta ko da murfin ya bushe ƙayau. Shi ya sa in an kai nan goge-goge ba ya magani, sai sabon murfi.

Wane ɓangare ne ya fi shiga haɗari a irin motata?

Ya danganta da inda famfon yake zaune.

A Peugeot 504, wadda har yau ba ta ƙare a hanyoyin ƙauyukanmu ba tun zamanin da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, famfon yana gaban inji, fankar lagireto tana kansa. Duk ɗigon da ya fito, fuli, wato faifan da bel ke juyawa, ya watsa shi, fanka ta hura shi baya, kan distiributa da wayoyin fulogi. Irin wannan motar tana saurin nuna alama, kuma tana saurin warkewa.

A motocin da bel ɗin tayimin ne ke juya famfo, irin su Camry mai inji 2.2, da Accord ta 1998 zuwa 2002, da Peugeot 406, famfon yana ɓoye a bayan murfi. Ruwa yana gangarowa ta ciki ba ka gani. A Camry da Accord ɗin nan, sensar da ke karanta juyin karanshaf tana can ƙasa a wannan ɓangaren, wato daidai hanyar ruwan. Sensar nan ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota lokacin da za ta saki wuta. In soket ɗinta ya yi kore da tsatsa, mota na iya mutuwa tana cikin tafiya, ta huce, ta tashi kamar ba ita ba.

Motocin baya-bayan nan da kowane fulogi ke da kwayil ɗinsa a kai, kamar Corolla ta 2003 zuwa sama, ba su da distiributa, kuma kwayil ɗin suna sama, ruwan famfo bai cika kai musu ba. A nan abin da ake ji wa tsoro shi ne soket-soket na ƙasa da altaneta, domin bel yana ɗaukar ruwan ya zagaya da shi. Altaneta ta lalace, batir ya yi ƙasa, wuta ta yi rauni, ka ga an dawo kan magana ɗaya.

Wanda ya fi kowa suna a wannan matsala wani inji ne na Amurka, LT1 na Chevrolet, da aka yi daga 1992 zuwa 1997 aka sa a Corvette da Camaro da Caprice. Distiributarsa, mai suna Optispark, an dasa ta a gaban inji a bayan famfon ruwa, ƙarƙashinsa. A cikinta akwai faifai mai tsagi 360 da haske ke ratsawa ana ƙirga juyin inji. Famfo ya ɗiga, kai tsaye a kanta. Da wuya ka ga irin motar a Zariya, amma dabarun kare wuta daga ɗigon famfo da yawa a wajen masu ita aka gwada su, don su abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Yaya zan gane famfo ya fara ɗiga tun kafin ya taɓa wuta?

Fara da jarkar da ke but ɗinka. In ƙara ruwa kowace safiya ya zama maka kamar wanke fuska, to akwai inda yake fita. Mota mai lafiya tana yin watanni ruwanta bai motsa ba. Mu a nan mun mayar da ƙarin ruwa al'ada, har direba yana alfahari da cewa ba ya tada mota sai ya cika lagireto, bai san yana rufe wa ciwo ido ba ne.

Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban inji. Da safe ka duba. Ɗigo a ɓangaren da bel yake, mai launin kore ko ja ko ruwan tsatsa, wanda in ka murza a yatsa yake da ɗan santsi, wannan na inji ne. Na na'urar sanyaya mota fari ne tas, ba santsi, kuma can baya yake sauka wajen ƙafar fasinja, kada ya tayar maka da hankali.

Sai ka buɗe bonet inji a kashe, a sanyaye. Haska ƙarƙashin fulin famfo. Busasshen ɓawo fari ko kore ko ruwan hoda da ya yi layi zuwa ƙasa, shi ne sawun ruwan. Ɗan tabo kaɗan busasshe ba komai ba ne, sabon famfo ma yakan yi. Layi mai kauri ko mai danshi shi ne magana. Kama fulin da hannu biyu ka girgiza. In yana lilo, boris ya tafi. In mota na aiki kana jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa daga wajen, shi ne dai. Akwai kuma wari mai zaƙi-zaƙi da ke tashi in ka tsaya bayan doguwar tafiya.

Ba duk ruwan da ke wajen ne na famfo ba. Tiyo na tsagewa, kilif na saki, a wasu Golf ma bakin robar da ke jikin top silinda ne ke zubarwa kusa da distiributa. Garejin da ke da famfon gwaji, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto a matsa iska, cikin minti biyar zai nuna maka wurin.

In ruwan ya riga ya kai ga wuta fa, me zan gani?

Wahalar tashi da safe, musamman safiyar damina mai raɓa, sannan in ta yi zafi ta gyaru. Fizga in ka taka mai a hawa, kamar gadar Kwangila da kaya a baya. Shan mai ya ƙaru. Fitilar inji ta kama, ko ta riƙa ƙiftawa. In tana ƙiftawa, misin ɗin ya yi tsanani, ɗanyen fetur yana wucewa salansa yana ƙona tukunyar tace hayaƙi, kada ka ci gaba da gudu a haka. In aka sa kwamfuta, P0300 misin ne da bai zaɓi silinda ba, P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da abin ya shafa, P0335 kuma layin sensar karanshaf ne.

Tsohuwar dabara ga masu wayoyin fulogi: tada mota cikin duhu ka buɗe bonet. Za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle a jikin waya, har da ƙara ƙyas-ƙyas. Kallo kawai, ban da taɓawa, kuma ka tattare babbar riga daga fanka.

Abu guda da za a bambance: in ruwa yana raguwa, mota tana misin, amma waje a bushe, ga farin hayaƙi mai yawa a salansa, ko man inji ya koma kalar shayi da madara, to ruwan ta ciki yake shiga silinda. Wannan top gasket ne, wani babi ne daban, mai tsada.

Bakanikena ya ce zai toshe ɗan ramin da gam, ɗigo ya tsaya. In bari?

A'a. Ruwan da ka hana fita boris zai shiga, ya wanke masa giris. Ɗigon da kake gani kana lissafi da shi ya koma famfon da zai kafe ko ya tarwatse a hanyar Funtuwa ba sallama. In bel ɗin tayimin ne ke juya shi, yana iya tafiya da bel ɗin. A injin Accord da 406, tsinkewar wannan bel na nufin fistin ya daki bawul.

To ba wata kariya da za a yi wa wutar kafin in sami kuɗin famfo?

Akwai, in dai an san na wucin gadi ne. Masu LT1 da na ambata sukan sa ɗan bututu a bakin ramin su jona siririn tiyo, su gangara da shi ƙasa, ruwa ya sauka nesa da distiributa. Ramin yana nan a buɗe, hanya kawai aka canja wa ruwan. In famfonka a fili yake kuma hannu na kaiwa, ana iya yin haka, a ɗaure tiyon nesa da bel da salansa.

Ana kuma iya yanka robar tsohon tub a yi wa distiributa ko soket 'yar rumfa ta ɓangaren da feshin ke zuwa. Rumfa na ce, ba likkafani ba. Na ga waɗanda ke naɗe distiributa da leda su ɗaure tamau. Distiributa tana buƙatar numfashi, in ka rufe ta gumi zai taru a ciki, ka jawo da hannunka abin da kake gudu. Wayar da ke ratsawa ta ƙarƙashin famfo a ɗage ta a ɗaure sama, soket kuma bakinsa ya kalli ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Duk wannan na kwanaki ne. Sil da ya fara zuba ba ya komawa.

Ƙwai ko garin barkono ko maganin toshe yoyo na kwalba fa?

Waɗannan ƙaramin huji a lagireto suke ɗan riƙewa. Sil ɗin famfo fuska biyu ne da ke gugar juna suna juyi, babu abin da zai manne a nan. Abin da za ka samu shi ne toshewar siraran hanyoyin lagireto.

Za a canja famfon gobe. Me zan tsaya a kai a yi?

Nan ne ake yawan ɓata aiki, kuma ni ma na taɓa ɓata shi. Wani dattijo daga Samaru ya kawo mini Camry tana mutuwa a hanya. Na canja masa sensa, ta yi kwana goma, ya dawo. Ya ce, "Malam, ko dai kayan da ka sa mini ne ba su da kyau?" Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, bari in sake dubawa." Da na zare soket ɗin, ruwa ja ya ɗigo mini a tafin hannu. A karon farko ma a jiƙe na cire shi, na ɗauka wankin inji ne. Da muka buɗe murfin tayimin, bel ɗin yana sheƙi, layin ɓawo ya sauko tun daga famfo. Kuɗin sensa ta biyu daga aljihuna ya fita, kuma daidai ne.

Abin da za ka tsaya a kai ke nan. A cire kan batir na baƙar waya tukuna. A zuƙe ruwan ta ƙasa kafin a kwance famfo, domin ko an zuƙe, ragowar da ke cikin inji tana kwararowa lokacin da famfon ya saki, kuma a kan wuta take sauka. Don haka a rufe distiributa da altaneta da soket da leda a lokacin aikin, a cire bayan an gama. Na sha ganin motar da ta shigo gareji da ƙafarta ta ƙi tashi bayan an sa mata sabon famfo, dalili ke nan.

A kankare tsohon gasket tas, gam kuma kaɗan, in ma ana buƙatarsa. Wanda ya yi yawa yana ɓallewa ya shiga ruwa ya ci sabon sil. Kada a ja fambel kamar igiyar guga, bel mai tsananin ɗauri shi ke kashe boris da wuri. In bel ɗin tayimin ya sha kulan, a canja shi, kuma dama ƙa'idar masu irin wannan inji ita ce famfo da bel tare suke tafiya, wajen kilomita 100,000 ko abin da littafin motar ya ce, tunda kuɗin aikin buɗewa ɗaya ne.

Sai wankin sawun ruwan, wanda kusan kowa ke tsallakewa. A goge danƙon da tsumma da ruwa mai tsabta, soket a fesa masa maganin wanke soket, a bar shi ya bushe sarai. Murfin distiributa mai layin ƙuna, da rota, da wayar da robarta ta kumbura ko ta tsage, a canja. A shafa ɗan giris na silikon a cikin bakin robar wayoyin fulogi da robar soket. Giris na silikon na ce, fari mai kama da man kitso, ba baƙin giris na boris ba, ba kuma man inji ba, su suna cin roba. A ƙarshe a fitar da iska daga layin ruwa, a bar mota ta yi zafi har fanka ta tashi, a sake haskawa.

Ruwan rijiya ko na leda bai isa ba? Kulan ai na ƙasashen sanyi ne.

Wannan magana ta kashe famfo da yawa a garin nan. Gaskiya ne ba ma fama da ƙanƙara. Amma kulan yana hana tsatsa, kuma yana ɗaga zafin tafasa: ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen 107, in murfin lagireto na riƙe iska yadda ya kamata ya haura 120. A zafin Maris da Afrilu cikin cunkoson PZ, wannan tazarar ba ƙarama ba ce. Ruwan rijiya yana kawo tsatsa, ɓarɓashin tsatsar kuma shi ke shiga tsakanin fuskokin sil yana gurzawa. Na ga famfon da aka ciro fankarsa ta cinye saura kututture.

In kulan ɗin mai kauri ne da ake sirkawa, a sirka da tataccen ruwa irin na ƙarin batir, wanda ba asid a ciki. Kada a gauraya kala-kala. Tsohon kore yakan yi shekara biyu, mai ruwan hoda na Toyota kuwa kamfanin ya ba shi kilomita 160,000 a zubin farko, sannan 80,000 bayan haka. Kuma guba ne mai zaƙi. Wanda aka zuƙe kada a bar shi a buɗaɗɗen bokiti inda yara ko awaki za su kai baki.

Sabon famfo ko ɗan Beljiyam?

A abubuwa da yawa ina goyon bayan ɗan Beljiyam, ban da wannan. Famfon da ya yi shekaru a ajiye a bushe, sil ɗinsa ba abin yarda ba ne, kuma ba ka san tafiyar da ya yi ba. Sabo mai kyau ya fi. Ga Toyota, Aisin na cikin masu yi wa kamfanin famfo tun asali. Sai dai kwali ba shaida ba ne, jabu ma da kwalinsa yake zuwa. Je da bakanikenka, a juya sandar da hannu: ta juya da ɗan nauyi, sumul, ba kaca-kaca ba, ba lilo.

Ya fara zuba ina tsakiyar hanyar Kano, wajen Tashar Yari, mota kuma tana fizga. Yaya zan yi?

Sauka gefe ka kashe. Kada ka taɓa murfin lagireto sai inji ya huce, aƙalla rabin awa, ruwan da ke ciki yana iya sale maka fuska. Kafin nan girgiza fuli. In yana lilo sosai ko bel ya fara zamewa, tafiya ta ƙare, nemi mai ja.

In ɗigo ne kawai, goge wayoyi da cikin murfin distiributa da busasshen tsumma, ka mayar da kowace waya inda take. Cika ruwa, a nan ko wane iri ka samu mai tsabta ya yi, daga baya a zubar. Kashe na'urar sanyi, tafi a hankali, idonka a kan allurar zafi, kana tsayawa kana dubawa. Allura ta doshi ja, tsaya. Garin da ke gabanka za ka nufa, ba Kano ba.

Zan sayi mota, na ga injinta fes an wanke. Alama ce mai kyau?

Hajiyar da ta yi mini wannan tambayar na ce mata, "Hajiya, injin da aka wanke jiya ba ya ba da labari." Wanki yana share ɓawon da muke nema. Ki sa a tada ta a bar ta tana aiki har fanka ta tashi sau biyu, a zagaya da ita daga Kofar Doka zuwa Dan Magaji a dawo, a ajiye ta a kan busasshen siminti minti goma sha biyar. Sannan a haska ƙarƙashin famfo da gindin murfin tayimin, a zare soket ɗaya na ƙasa a duba ko ƙarafunsa sun yi kore.

In kuma motarki ce za a wanke wa inji, a bari ya huce, a rufe distiributa da kwayil da altaneta, kuma ki hana yaran wanki kafa bakin injin feshi a kan soket. Su tsaya nesa, su bi da tsumma.